Ba a Ciro Ido a Ajiye a Faranti

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisu da gidajen biki har ta ishe ni: wai in za a yi wa mutum aiki a ido, ƙwaƙulo ƙwayar idon likita yake yi ya ajiye a faranti, in ya gama ya mayar. Da a hira ta tsaya da da sauƙi. To amma saboda ita ake samun wanda babur ya kayar ko aka nausa a fuska, likita ya ce ƙashin ƙarƙashin idonsa ya karye sai an yi aiki, dangi su tattara shi su koma gida a ci gaba da gashi da ruwan zafi.

Ƙashin da ake nufi shi ne ƙasan kwarmin ido. Siriri ne ƙwarai, a wasu wuraren kaurinsa bai kai milimita 1 ba, a ƙarƙashinsa kuma kogon iska ne na cikin kunci. In naushi ko ƙwallo ya daki ido sai ƙashin ya burma, kitse da tsokar da ke juya ido su zurma ciki.

Yanzu batun farantin. Tsoka 6 ne ke riƙe da ƙwayar ido, a bayanta kuma ga jijiyar gani da ta tafi har ƙwaƙwalwa. In aka yanke wannan jijiya gani ya tafi ke nan, babu likitan da zai haɗa ta, ko a Kano yake ko a Jamus. To ta yaya za a ciro a mayar? Ku tambayi mai ba da labarin ko ya gani da idonsa, kullum ƙanin abokin wani ne aka yi wa. Abin da ake yi shi ne, bayan an sa majiyyaci barci, likita ya tsaga ta cikin fatar ido ta ƙasa, inda ko tabo ba a gani, ko kuma ta ƙarƙashin gashin ido. Ya bi ƙashi, ya ɗan tallafe ƙwayar idon, ya zaro abin da ya maƙale, sannan ya toshe ramin da siririyar ragar taitaniyom, ko wata roba ta musamman, ko ɓallin ƙashin mutumin da kansa. Ido yana gurbinsa daga farko har ƙarshe. Aikin yana da haɗarinsa, jini na iya taruwa a bayan ido, ganin abu biyu-biyu da karayar kan jawo na iya ƙin tafiya gaba ɗaya, kuma haƙƙinka ne likita ya yi maka bayanin wannan. Faranti dai babu shi a ciki.

Ba ma kowace karaya ake yi wa aiki ba. Ga babban mutum akan jira mako 1 zuwa 2 kumburi ya saɓe. In yana nan yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko ido ya faɗa ciki fiye da milimita 2, ko hoto ya nuna fiye da rabin ƙashin ya burma, a nan ake maganar aiki.

Wajen yara kuwa babu wannan jiran, kuma a nan ne sakacinmu ya fi ba ni haushi. Ƙashin yaro ɗanye ne, yakan tsage ya buɗe ya sake rufewa a kan tsokar, kamar ƙyauren da ya datse gefen riga. Idon fari tas, ba ja, ba wani kumburi. Sai dai yaron yana ta amai, yana runtse ido, bugun zuciyarsa ya yi ƙasa. Uwa ta ce zazzaɓi ne, uba ya aika kemis. Alhali tsokar da aka datse jini ba ya isa gare ta, likitoci kuma suna so su sake ta cikin awa 24 zuwa 48. In aka wuce haka tana iya sandarewa, yaro ya girma yana karkata kai kafin ya ga allo. Don Allah, in yaro ya bugu a ido, ku ɗaga yatsa sama ku ce ya bi shi da kallo ba tare da ya motsa kai ba. In ido ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya, a ranar za a tafi asibiti.

Wanda ya bugu a ido kada ya fyace hanci, domin iska na bi ta tsagar ta cika bayan ido, nan take fatar ido ta kumbura suntum. In atishawa ta zo ya buɗe baki. A ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a hankali, ba dannawa, a bar ruwan zafi. Kada a ɗiga nono ko ruwan sukari a idon, ko a rambaɗa kwalli. A ɗaga kai da matashi in za a kwanta. In kunci da leɓen sama da haƙoran gefen sun mutu kamar ba nasa ba, a faɗa wa likita, jijiyar da ke bi ta ƙashin ce ta taɓu. In ido ya turo waje, ya yi tauri, gani yana dushewa, ba a jiran gari ya waye. Mai ɗori kuma a bar shi da hannu da ƙafa, wannan ƙashin ba wurin ɗaura masa kara. Masu babur kuwa, ku riƙa sa hular kwano mai rufe fuska.

Hoton eksire yakan kasa nuna wannan karaya, siti sikan ake buƙata. Likitocin ido da na ƙashin fuska ne masu aikin. In asibitin garinku babu su, ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.