In an fasa tafiya Makka, wa ke maido kuɗin kujera?

A unguwar Zango, tsohon masaukin baƙi da fatake a tsakiyar birnin Yamai, da wuya a rasa gidan da ake tara kuɗin kujerar Makka. Wani ɗan kasuwa ne mai zubin adashe shekara da shekaru, wata kuwa dabbobin gado ta sayar, wani ma'aikacin gwamnati ne da ya ci bashin banki ana zare masa daga albashi kowane ƙarshen wata. Ranar da kuɗi suka cika, sai a kai su ga kamfanin jigilar alhazai, wanda aka fi sani da ajans, sau da yawa ta hannun wani sananne a unguwa. A karɓi guntuwar takarda, a koma gida ana godiya ga Allah. Tambayar da ba a cika yi ba a wannan rana ta farin ciki ita ce: in tafiyar ba ta yiwu ba, nawa za a maido, kuma yaushe?

Shekarar 2020 ta tilasta wa jama'a yin wannan tambaya. A ranar 27 ga Fabrairu, saboda annobar korona, Saudiyya ta dakatar da shigar masu umara daga waje. A ranar 22 ga Yuni ta ba da sanarwa cewa mazauna ƙasarta kaɗai za su yi aikin hajjin shekarar. Inda mutum kusan miliyan 2 da rabi suka tsaya Arfa a 2019, waɗanda suka tsaya a 2020 ba su wuce 10.000 ba. A 2021 ma ba a buɗe wa baƙi ƙofa ba, aka ƙayyade adadi a 60.000. Nijar, wadda kasonta ya kai kujeru 15.891, ba ta tura kowa ba shekara biyu a jere, alhali wasu maniyyata sun riga sun fara zuba kuɗinsu.

Inda kuɗin suke tafiya

Mai biya yakan ɗauka cewa kuɗinsa na nan ajiye cikin akwatin ajans har ranar tashi daga filin jirgin Diori Hamani. Ba haka abin yake ba. Kujera tarin hidimomi ce da aka ɗaure wuri ɗaya da farashi ɗaya: tikitin jirgi, masauki a Makka da Madina, tantunan Mina da Arfa, motocin ɗaukar alhazai, abinci, sannan ladan ita kanta ajans. Mafi yawan waɗannan ana biyan su ne watanni kafin tafiya, kuma da kuɗin waje. Hukumar COHO, wadda gwamnati ta ɗora wa tsara aikin hajji da umara, ita ke ba kamfanoni izini, ita ke sa ido kan aikinsu, amma cinikin kansa tsakanin maniyyaci da kamfaninsa yake.

Saboda haka lokacin fasawa ke yanke yawan abin da zai dawo. Wanda ya janye tun kafin a kama masauki, a yanki tikiti, ba shi da dalilin rasa wani abu mai yawa. Wanda ya janye bayan biza ta fito da sunansa, to wani kaso na kuɗinsa ya riga ya ƙetare Bahar Maliya, kuma mai otel a Makka bai san shi ba, balle ya ji kokensa.

Fasawa iri uku ce

Ta farko ita ce wadda ta fito daga matafiyi: rashin lafiya, juna biyu, karayar jari, ko ajali. A nan kalma ɗaya da aka rubuta da Faransanci bisa rasit na iya raba gardama. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta bambanta «arrhes» da «acompte», ko da yake a kasuwa duka kafin alƙalami ake ce musu. Bisa aya ta 1590, wanda ya ba da «arrhes» yana da ikon janyewa, amma ya yi asarar abin da ya bayar. In kuwa mai karɓa ne ya janye, sai ya maido ninki biyu. «Acompte» kuwa somin biya ne na cinikin da ya riga ya ƙullu: babu mai janyewa ba tare da ya ɗauki nauyin asarar da ya jawo wa ɗan'uwansa ba.

Malamai ma sun daɗe da sanin wannan matsala. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen ƙasar nan ke bi, ba a yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami don kawai ciniki bai faɗa ba. Hanbaliyya sun halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Burunai, ta amince da shi in an ƙayyade wa'adin jira. Ko ta wane gefe aka duba, maganar ta koma ga abin da aka shardanta tun farko.

Ta biyu ita ce wadda ba laifin kowa ba ce, kamar annoba, yaƙi, ko rufe sararin samaniya irin wanda Nijar ta yi a watan Agusta na 2023. A irin wannan hali doka ba ta ɗora wa ajans biyan diyya, tunda abin ya fi ƙarfinta. To amma rashin biyan diyya daban, riƙe kuɗin hidimar da ba a yi ba daban. Abin da ba a kashe ba na mai shi ne. Abin da aka ce an kashe kuma, sai a nuna shaidarsa.

Ta uku, wadda ta fi ciwo, ita ce kamfani ya karɓi kuɗi ya gaza, ko ya rushe. Girman suna ba ya hana wannan. Air Afrique, wanda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961, ya durƙushe a 2002. Thomas Cook na Ingila, bayan shekara 178 yana shirya tafiye-tafiye, ya rufe a ranar 23 ga Satumba 2019, har sai da gwamnatin Ingila ta kwaso mutanenta kimanin 150.000 daga ƙasashen waje. Waɗanda ba su kai ga tafiya ba, wani asusun lamuni da doka ta tilasta wa kamfanoni zuba kuɗi a ciki ne ya biya su.

A karɓa ko a bari sai baɗi?

A 2020 zaɓi biyu ke gaban maniyyaci: ya nemi kuɗinsa, ko ya bar su a hannun kamfani don hajjin gaba. Barin kuɗin ya yi kama da hikima, domin kuɗin da suka dawo gida ba su rasa mai buƙata, kuma ɗan kasuwa ya san jari ba ya zama. Amma lokaci bai tsaya jiran kowa ba. A ranar 1 ga Yuli 2020 Saudiyya ta ɗaga harajin saye daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. A 2022 dalar Amurka, wadda riyal ke ɗaure da ita, ta haura yuro, wanda sefa ke ɗaure da shi. Kujerar da ba ta kai miliyan 3 na sefa ba a 2019 ta wuce miliyan 3 a 2023. Bugu da ƙari, da aka sake buɗe wa baƙi ƙofa a 2022, kason ƙasashe bai kai rabin na da ba, kuma an hana wanda ya haura shekara 65. Dattijon da ya bar kuɗinsa yana ɗan 64 ya tarar da ƙofa a rufe, sai 2023 da aka ɗage sharaɗin, sannan ga ciko na jiran sa.

Tsofaffin ƴan kasuwa ba su manta da irin wannan ba. A ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, watanni kaɗan kafin hajji. Wanda ya kwana da kuɗin kujera cif-cif ya wayi gari ba su isa ba. Don haka mai barin kuɗi ajiya ya kamata ya san ko kujera aka ajiye masa a tsohon farashi, ko kuwa adadin kuɗi kawai. Tsakanin biyun akwai tazarar da za ta iya kai jarin ƙaramin kanti.

A Turai wannan gardama ta kai gaban alƙali. Dokar Tarayyar Turai ta 2015 ta ce in wani babban lamari da ba makawa ya hana tafiya, a maido kuɗi duka cikin kwana 14. A Maris 2020 Faransa ta ba kamfanoninta izinin ba da takardar bashi ta wata 18 maimakon kuɗi, amma a ranar 8 ga Yuni 2023 kotun Tarayyar ta ce hakan ya saɓa doka: maidowa na nufin kuɗi a hannu, sai fa in mai su ya yarda da wani abu don kansa. Wannan doka ba ta aiki a Yamai, amma ma'auni ce da maniyyaci zai iya riƙewa in ana ciniki.

Ran gini, ran zane

Duk abin da ya gabata na nuna cewa ranar biya ake samun kuɗi ko a rasa su. Kafin a miƙa ko dala, a tabbatar kamfanin na cikin waɗanda COHO ta ba izini a wannan shekara. A biya a ofishin kamfani ko a asusunsa na banki, a karɓi rasit mai hatimi da sunan maniyyaci da adadin kuɗi. Mutumin kirki na unguwa da ya haɗa cinikin shaida ne, amma sa hannunsa ba ya ɗaure kamfani. A nemi yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi abin da za a zare in an janye kafin biza da bayanta, da wa'adin maidowa, da ko wani ɗan gida zai iya maye gurbi, da kuma abin da magada za su karɓa in ajali ya riga tafiya. Wanda ke jin nauyin neman takarda a kan harkar ibada, ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

In kuma fasawa ta zo, a sanar da kamfani a rubuce tun ranar, a riƙe kwafi mai kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, domin daga wannan rana ake lissafi. In biya ya yi nawa, a fara da sulhu gaban manyan unguwa, sannan a kai koke ga COHO. In duka bai yi ba, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta tanadi hanya mai sauri da alƙali ke ba da umarnin biya, amma sai ga bashin da ya tabbata, aka san adadinsa, kuma wa'adinsa ya cika. Wato a nan ma takarda ce ke magana.

Kamfanoni masu riƙon amana ba su da abin tsoro a cikin wannan, domin rubutu na kare su daga zargin banza kamar yadda yake kare maniyyaci. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In askin bai yiwu ba, abin da ya rage shi ne a maido ladan, kuma mai takarda a hannu shi ke fara karɓa.