Yadda Ake Aika Wa Mutum-Mutumi Saƙon Lambobi

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi a wurin mai POS a Paki ko Ikara ya san abu ɗaya. Idan aka kuskure lamba ɗaya tak, kuɗin ba za su je inda ake so ba. Na'urar ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san mai karɓa ba. Lamba kawai ta sani. To, haka ma mutum-mutumin da ke aiki a manyan masana'antu yake.

Mene Ne Mutum-Mutumi?

Na masana'anta bai yi kama da mutum ba. Yawanci wani ƙaton hannu ne na ƙarfe mai gaɓoɓi shida, an kafe shi a ƙasa. Yana yin walda da fenti, yana ɗaukar kaya masu nauyi. Na farko, mai suna Unimate, ya fara aiki a shekarar 1961 a masana'antar motoci ta General Motors a Amurka. Aikinsa shi ne ɗauko ƙarfe mai zafi wanda ke iya ƙone ma'aikaci. A Nijeriya ma, kamfanin simintin Dangote yana amfani da mutum-mutumi wajen gwada ingancin siminti a Obajana, cikin Jihar Kogi.

Wannan hannu ba ya tunani. Kwamfuta ce ke gaya masa inda zai je, kuma da lambobi take gaya masa. Yawanci lambobi shida ne. Uku suna nuna wuri: gaba ko baya, hagu ko dama, sama ko ƙasa. Sauran ukun suna nuna yadda zai juya wuyan hannunsa.

Yadda Saƙon Ke Tafiya

An haɗa kwamfutar da mutum-mutumin da waya. Kowannensu yana da lambar adireshi, misali 192.168.1.10. Amma adireshi kaɗai bai isa ba. Ɗan aike zai iya gane gida, sai ya tarar da ƙofofi da yawa, bai san wadda zai yi sallama ba. Saboda haka kowace ƙofa tana da lambarta. Misali, tsarin Modbus, wanda aka ƙirƙiro don injinan masana'antu a 1979, ƙofa mai lamba 502 yake bi a irin wannan layi. Adireshi da lambar ƙofa idan sun haɗu, su ake kira soket. Ba irin na jikin bango ba ne, wannan ba a ganinsa da ido.

Da zarar saƙo ya isa, mai karɓa yana mayar da amsa cewa ya samu. Idan wani yanki ya ɓace a hanya, sai a sake turo shi. Waɗannan ƙa'idoji ana kiransu TCP/IP, kuma a kansu intanet take tafiya.

Inda Matsala Take

Waya tana kai saƙo ne kawai, ba ta kai ma'anarsa. Manomi ya san haka. Idan aka ce mudu goma, sai ya tambaya: mudun wace kasuwa? Dole mai aikawa da mai karɓa su yarda a kan abu uku.

Na farko, ma'auni. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Idan kwamfuta tana nufin milimita 10, hannun ya ɗauka inci 10, zai yi tafiyar da ta ninka wadda ake so fiye da sau 25. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mas, don wani sashe ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani kuma da na mita.

Na biyu, jeri. Idan lambar "sama" ta faɗa gurbin lambar "gaba", hannun zai daki abin da ke gabansa.

Na uku, alamun rubutu. A Nijeriya biyu da rabi ana rubuta shi 2.5, a Faransa da Jamus kuwa 2,5. Haka kuma ana sa alama a ƙarshen kowane saƙo, don kada 12 da 5 su manne su zama 125.

Shi ya sa ake kewaye mutum-mutumi da shinge, a sa jan maɓalli na tsayar da shi nan take. Sabon saƙo kuma sai an gwada shi a hankali kafin a saki injin da gudu. Rigakafi ya fi magani.

Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan tana noma rake da masara da tumatir, kayan da masana'antu ke buƙata. Duk masana'antar da ta sa irin wannan inji tana neman wanda zai rubuta lambobin, ya duba su, ya gyara in sun kauce. Wannan aiki na mutum ne, kuma daga ƙidaya da awo yake farawa. Saboda haka iyaye su riƙa duba littafin lissafin 'ya'yansu, maza da mata.