Idan Shafin Banki Ya Samu Matsala, Ina Za A Kai Kuka?

Tun lokacin da aka yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon shekarar 2023, mutanen karkara da yawa suka koma ciniki ta waya. Manomin albasa daga Wurno, ko mai awaki daga Bodinga, yakan kawo kayansa Sakkwato ya sayar, a tura masa kuɗin cikin asusunsa na banki. Bankuna suna da shafi a intanet da manhaja a waya domin wannan aiki. Amma wani lokaci na'ura takan yi kuskure. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda ake kai kuka.

Matsalar iri biyu ce

Ta farko ita ce tangarɗa. Misali, shafi ya ƙi buɗewa, ko a cire kuɗi amma su kasa isa wurin wanda aka tura wa.

Ta biyu ita ce ɓarakar tsaro. Misali, mutum ya buɗe shafinsa ya ga bayanan asusun wani, ko kuɗinsa su fita ba da saninsa ba. Wannan ta fi haɗari, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da za a tanada

Kafin mutum ya tafi banki, sai ya rubuta abubuwa huɗu a takarda:

1. Rana da lokacin da abin ya faru.
2. Yawan kuɗin.
3. Abin da ya danna, ɗaya bayan ɗaya.
4. Saƙon da ya fito a fuskar waya.

Kada ya goge saƙon banki, kada ya yar da rasit ɗin mai POS. Su ne shaidarsa.

Inda za a kai kuka

Da farko sai ya je reshen bankinsa, ko ya kira lambar da ke bayan katin ATM. Ya nemi a ba shi lambar shaidar ƙorafi, ya adana ta. A shekarar 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba da umarni cewa kuɗin da suka maƙale a POS ko a intanet a warware maganarsu cikin awa 72.

Idan mako biyu suka wuce banki bai yi komai ba, sai ya rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin. Babban Bankin yana da reshe a Sakkwato. Idan matsalar ta layin waya ce, kuma kamfanin ya ƙi gyarawa, sai ya kira hukumar sadarwa ta NCC a lamba 622. Kiran kyauta ne. Idan kuwa damfara ce, sai ya sa banki ya rufe asusun nan take, sannan ya sanar da 'yan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato.

Ɓaraka ba ta son shela

Wanda ya ga rumbun maƙwabcinsa ya huje, mai rumbun yake gaya wa a asirce. Ba ya shela a kasuwa, kuma ba ya ɗibar hatsin. Haka abin yake a nan. Wanda ya ga ɓaraka a shafi, ya gaya wa masu shafin kaɗai. Idan ya watsa a Facebook ko WhatsApp, ya nuna wa ɓarayi ƙofa. Idan kuɗin da ba nasa ba suka shigo asusunsa, kada ya taɓa su, ya sanar da banki. Dokar laifuffukan intanet ta shekarar 2015 ta tanadi hukunci ga mai kutsawa cikin na'urar wasu ba da izini ba.

A ƙarshe, banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrinsa. Duk wanda ya kira ya ce zai gyara matsala idan an karanta masa lambar, ɓarawo ne. A kashe wayar, a tafi banki da ƙafa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.