Zanen tafki da daji: kasuwar da ta dace da ƙasar Kazaure

A shekarar 2009, kamfanin gwanjo na Heffel da ke Kanada ya sayar da wani ɗan zane na Tom Thomson a kan sama da dalar Kanada miliyan 2. Ƙaramin allon katako ne da bai wuce faifai girma ba. Thomson, wanda ya rasu a 1917, kan shiga dajin Algonquin a kwale-kwale, ya zauna bakin tafki ya zana abin da ke gabansa da fentin mai kafin hasken rana ya juya. Irin wannan zane na nan-take masu tara zane ke rububi, don a cikinsa ake ganin ainihin hannun gwani.

Abu uku ke sa wa zane daraja a wurin gwanjo: sunan mai shi, ƙarancin aikinsa a kasuwa, da shaidar hannayen da ya bi tun daga ranar da aka zana shi. Kamfani kan fitar da ƙiyasin farashi, mai kaya ya faɗi abin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, sannan a shiga tayi. Wanda aka sallama wa yakan biya la'ada a kan kuɗin da ya taya. Najeriya ma tana cikin wannan harka: a 2018 kamfanin Bonhams na Landan ya sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu fam miliyan 1.2, kuma kamfanin Arthouse ya fara gudanar da gwanjon zane a Legas a 2008.

Masarautar Kazaure kuwa Allah ya hore mata abin zanawa: ruwan dam a gindin duwatsun Kazaure, tsaunukan Roni da damina, da gonakin Gwiwa da kaka. Galibin malamanmu ba su hana zanen abin da ba shi da rai ba, saboda haka ƙofar a buɗe take. Zanen kuma yana adana tarihi, domin hoton Kano daga Dutsen Dala da ya fito a littafin Heinrich Barth, wanda ya shigo birnin a 1851, har yau masana na dogaro da shi.

Matashi mai zane, rubuta sunanka, da wurin, da ranar a bayan kowane allo. Mai saye kuma ya karɓi rasit ya adana, domin zanen da ba shi da shaidar asali ba ya yin kuɗi a gwanjo.