Wa Ka Sani a Hayin Gada?

Ɗauko wayarka. Da gaske nake, ɗauko ta ka buɗe wajen lambobi. In kai ɗan Tudun Wada ne, ko Rigasa, ko Kawo, ko Unguwar Dosa, ƙirga min mutum nawa ne a ciki suke kwana a Sabon Tasha, Television, Narayi ko Unguwar Romi. Ban da mutumin da kuka taɓa ciniki sau ɗaya a Panteka. Ke ma ban da 'yar ajinku da ba kya nema sai jarrabawa ta matso. Ina nufin wanda za ka kira ƙarfe goma na dare ka ce masa, “Me ke faruwa a wajenku?” ya gaya maka gaskiya, kai kuma ka yarda da shi.

Ni ranar da na yi wannan lissafin, ina shekarar farko a jami'a, babu ko mutum ɗaya. Ga lambobi cike da waya har da na mai wankin hula, amma duk na wannan ɓangaren kogin ne.

Mu da aka haifa bayan 2000 haka muka tarar da garin, shi ya sa ba ma jin wani abu. Musulmi a arewacin kogi, Kirista a kudanci, har ana wasa ana cewa nan Makka can Kudus. Akwai unguwannin da har gobe ake cakuɗe, irin su Barnawa da Malali da wani yanki na Unguwar Rimi, amma ka san su wa ke iya biyan hayar can. Talaka dai kowa ya koma cikin nasa. Abin dariyar ma, Tudun Wada da Badikko a takarda suna cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu ne, hedikwatarsu tana Makera, hayin gada. Taswirar gwamnati daban, wadda tsoro ya zana daban.

Tambayi babanka ko kawunka, zai gaya maka da ba haka Kaduna take ba. Ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000 aka fito zanga-zangar adawa da shirin kafa shari'ar Musulunci a jihar, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, kafin azahar gari ya kama da wuta. Aka sake wani a watan Mayu. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ƙirga mutum 1,295 da suka mutu, ƙungiyar Human Rights Watch kuwa ta ce aƙalla 2,000 ne. Bayan nan aka shiga kwashe kaya. Wasu suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu suka yi musaya: ka ba ni naka na Kakuri, in ba ka nawa na Tudun Wada. Babana yana cikin waɗanda suka tsallako. A lokacin yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, inda Bahaushe da Bajju da Atyap da Tibi da Bayarabe suke tsayuwa kan inji ɗaya, su ci abinci a rumfa ɗaya, su yi yajin aiki tare. Masaƙun ma suka bi sahu suna rufewa, KTL a 2002, UNTL a 2007. Unguwa ta rabu, wurin aikin da ke haɗa mutane shi ma ya mutu. To a ina za mu san juna?

Bari in ba ka labarin da ya sa nake wannan surutun.

Ranar Alhamis 18 ga Oktoban 2018 aka yi rikici a Kasuwan Magani, ƙaramar hukumar Kajuru, 'yan sanda suka ce mutum 55 sun mutu. Ranar Lahadi 21 ga wata abin ya shigo cikin gari. Ina ɗan shekara sha biyar. Yayana yana tuƙa Keke, kuma ranar ya ɗauki fasinja zuwa hayin gada. Wajen la'asar sai ga mutane suna gudu daga wajen kasuwa, kowa da abin da yake faɗa. Muka kira wayarsa, a kashe. Sai ga wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp, wani mutum yana haki yana rantsuwa cewa duk ɗan Keken da ya tsallaka gada an gama da shi, da idonsa ya gani. Ba suna, ba wuri, ba lokaci. Ni da hannuna na kunna wa Umma. Har yau in na tuna yadda ta zame ta zauna a ƙasa, sai in ji kunyar kaina.

Kafin magariba gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24, amma samarin layinmu sun taru a bakin lungu, wasu da gora, wasu da abin da ya fi gora. Abokan yayana ne, kuka suke yi da gaske. Kuma a bayan layinmu akwai wasu masu gyaran firiji guda biyu, ba Musulmi ba, da dokar ta rutsa da su a shago. Ka gane inda maganar ta dosa.

Baba bai ce komai ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wani tsohon littafi da yake rubuta lambobi, ya kira wani mutum da suka yi aiki tare a masaƙa, mazaunin Television. Rabon da su haɗu an yi shekaru, amma duk Sallah da Kirsimeti sai sun gaisa. Mutumin ya ce a ba shi lokaci. Bayan kamar awa ɗaya ya kira: ya samo yaron a wani garejin makanikai inda aka ɓoye su su huɗu, cajinsa ne ya ƙare, yanzu haka yana falonsa yana shan ruwa. Baba ya fita bakin lungu ba ko takalmi, ya ƙure muryar wayar, ya ce, “Ga wanda kuke cewa an kashe, ku gaisa.” Aka yi tsit. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Masu gyaran firijin a gidan mai unguwa suka kwana, yayana kuma ya yi kwana biyu a Television.

Kada ka ɗauka ina cewa ba a yi ɓarna ranar ba. An kashe mutum fiye da 20 a cikin gari, daga kowane ɓangare. A layinmu ne dai ba a yi ba, kuma abin da ya tare ta tsohuwar lamba ce a cikin tsohon littafi.

Wannan dabarar ba Baba ya ƙirƙiro ta ba. In kana Kaduna ba ka san labarin Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye ba, nemi fim ɗin da aka yi a kansu a 2006, The Imam and the Pastor, ya fi maka awa guda na TikTok. A rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya fantsamo har cikin Kaduna, kowannensu jagoran matasan ɓangarensa ne. Wuye, wanda a Tudun Nupawa ya tashi, ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa su a wani taro, ya ce su yi magana. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne ba su ɓoye wahalarsa ba. Ashafa ya ce da niyyar ɗaukar fansa ya fara matsowa, sai wata huɗubar Juma'a kan yadda Annabi (SAW) ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa ta karya masa zuciya. Wuye kuma ya sha faɗa da bakinsa cewa shekara uku suna yawo tare, wani lokaci ɗaki ɗaya, zuciyarsa tana raya masa ya danne abokin nasa da matashin kai. Shekara uku fa! Mu kuma muna so a yi taron wuni ɗaya a raba riguna a ce an sasanta.

Su biyun suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a nan Kaduna, suka shiga tsakani a Yelwan Shendam ta jihar Filato, har Kenya aka gayyace su bayan rikicin zaɓen 2007. A 2025 ƙungiyar Commonwealth ta ba su kyautarta ta zaman lafiya, karo na farko da aka bayar da ita. Suna cikin waɗanda suka yi faɗi-tashi har malamai da fastoci 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agustan 2002. Amma duba kalanda. Wata uku kacal bayan sa hannun, a Nuwamba, wani rubutu a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya taɓa mutuncin Annabi (SAW), gari ya sake kamawa, mutum kusan 250 suka tafi. Manya sun sa hannu a sama, yaran lungu ba su san an yi ba. Ni da nake karanta aikin jarida, wannan yana hana ni sakewa: ɗan jarida ne ya haɗa Imam da Fasto, alƙalamin jarida ne kuma ya kunna wutar 2002. Yanzu kuwa duk mai data ɗan jarida ne, ba edita, ba mai tsawatarwa.

Na halarci tarukan zaman lafiya da dama, kuma zan faɗi gaskiya ko za a ji haushina. Akwai na otal: sanyin na'ura, ƙyalle an rubuta zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, fuskokin da ka gani a na watan jiya su ne dai, a ci shinkafa, a sa hannu a karɓi kuɗin mota, a ɗora hoto a Facebook. Ba wanda ya taɓa riƙe gora a cikinsu. Irin wannan da kuɗin turawa yake numfashi, kuma tun da gwamnatin Trump ta rushe hukumar USAID a 2025 ka ga yadda suka yi ƙaranci.

Akwai kuma waɗanda ƙafa suke sawa. Fasto Yohanna Buru na Sabon Tasha ya shekara da shekaru yana tsallako gada da buhunan hatsi lokacin azumi, yana zuwa Mauludi, Musulmi kuma suna cika cocinsa ranar Kirsimeti. Akwai malaman da ba su yarda da shiga cocin ba, kuma suna da hujjojinsu, ba zan yi musu da su a nan ba. Ba sai ka shiga coci kafin ka san mutum ba. Matan Musulmi da Kirista ma suna da majalisarsu tun 2010, wadda Sista Kathleen McGarvey, 'yar ƙasar Ireland, ta assasa a garin nan.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne wani zama da aka yi a filin wata firamare a unguwarmu, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. Ka tuna yadda ta kasance: an fito da kwalaye, aka ƙare da fashe-fashe da tutar Rasha, ranar 5 ga wata Gwamna Uba Sani ya sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Ka kuma tuna yaran da aka kai kotu a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, wasunsu daga nan, suna zubewa a gaban alƙali don yunwa, sai da ƙasa ta ɗauka da surutu aka sake su. A zaman namu ba lasifika, ba babban baƙo. Benci ne da tabarma. Mai unguwa, liman, 'yan ƙato da gora, shugabannin 'yan Keke, matan Islamiyya, da wani fasto da 'yan cocinsa biyar da aka gayyato daga hayin gada.

Dattawa suka fara wa'azin haƙuri kamar kullum. Sai wani yaro da kowa ya san ɗan shara ne ya miƙe, ya ce shi an ishe shi da haƙuri, taransifomarsu ta yi wata huɗu a lalace, ba ruwa, ya gama sakandare ba abin yi, kuma 'yan siyasar da ke cewa a zauna lafiya su ne suke ba su kuɗin ƙwaya lokacin zaɓe. Aka fara “kai, zauna”, sai wata mata cikin baƙin ta ɗaga hannu. Da Hausarta tas, ta ce su ma tasu taransifomar wata biyar ke nan, ɗanta ma yana zaune a gida da digiri, kuma ita a zatonta duk aikin gwamnati nan arewacin gari ake kawowa. Wani dattijo ya ce, “Mu kuma wallahi cewa muke ku ake yi wa.” Filin ya fashe da dariya. Daga nan aka bar maganar haƙuri, aka koma maganar wa za a tunkara, da takarda ɗaya mai sa hannun unguwa biyu. Ban ce an gyara komai washegari ba. Amma kafin a watse an zaga da takarda kowa ya rubuta lambarsa, aka buɗe zaure a WhatsApp da doka ɗaya tak: duk abin da ka ji ya faru a ɗaya hayin, tambaya a nan kafin ka tura ko'ina. Sau biyu tun daga lokacin ana turo hoton gobara ana cewa an fara, sai wani ya leƙa waje ya ɗauko bidiyon titin, ga masu shayi suna ta harkarsu.

Zaɓen 2027 yana tafe, kuma kai ma ka san yadda saƙonnin murya suke yawa a irin wannan lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ajinku akwai mai hawa motar Sabo kullum da yamma. A wajen koyon ɗinki, a filin ƙwallo, a gidan kallo inda kuke zagin Manchester United tare, akwai su. Ba cewa na yi ku zauna muhawarar addini ba, wannan kam mun ƙware a kanta a ƙarƙashin kowane fostin. Karɓi lamba, ka gaishe shi ranar da ba komai, ka je ta'aziyya in an yi masa rashi.

Nawa lissafin yanzu ya kai bakwai. Abokin Baba na Television ya tsufa, ba ya ji sosai a waya, sai an ɗaga murya. Na karɓi lambar ɗansa na uku, sa'ana ne, yana karatu a Kadpoly. Mun yi da shi zan je ranar Asabar in gaida tsohon. Umma ta riga ta ƙulla min kuka da daddawa a leda, ta ce in kai wa matarsa, kuma kada in kuskura in kai magariba a hanya.