Gashin Sankarar Fankiriyas da Haske Mai Ƙarfi

Fankiriyas, watau gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sankararta ba ta bayyana da wuri. Mun sha ganin idanu sun yi ɗorawa, a ɗauka shawara ce, a tsaya jiƙe-jiƙe. Gashin da aka saba yakan ci mako 5 zuwa 6. Sabuwar hanya kuwa tana tattara haske mai ƙarfi bisa ƙarin kaɗai, a gama cikin zama 5. Ga manomin Funtuwa ko Malumfashi da jinya ta riƙe a Shika cikin damina, wannan rata ba ƙarama ba ce. Amma mu lura, gaɓar tana motsi da numfashi, hanji kuma yana manne da ita. Saɓanin saiti kaɗan, sai ya ƙone. In sankarar ta kai hanta, wannan gashi ba ya riskarta.