Daga Zaren Kaset Zuwa Memori: Yadda Hausawa Ke Riƙon Tsofaffin Muryoyi

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963, amma sai da rakoda ta yi araha a shekarun 1970 da 1980 kaset ya zama ɗan gida a ƙasar Hausa. Alhaji in ya dawo daga Makka, cikin tsarabarsa da wuya a rasa rakoda ƙirar National ko Sharp. Uwargida kan ɗinka mata riga saboda ƙura, a ɗora ta kan kabad, yaro kuwa bai isa ya taɓa ba.

Kaset iri biyu aka fi sani, mai minti 60 da mai minti 90, kuma kowane gida da dabarunsa na tattali. Tariyar kaset da rakoda ɓarnar batir ce, don haka sai a zura biro a ramin, a yi ta juyawa da hannu har zare ya koma farko. In rakoda ta tauna zaren, a ciro shi a hankali, a yanke inda ya cukurkuɗe, a liƙe da jan farce. Wurin nan waƙa za ta riƙa tsalle har abada, kuma masu gidan sun san daidai inda za ta tsallake. Batir in ya yi sanyi, a shanya shi a rana ko zai ƙara kwana ɗaya.

Akwai kuma wasiƙar kaset, wadda yaran yanzu za su ɗauka tatsuniya ce. Mai ɗa a Makka ko Sudan ko Kurmi sai ya tara iyali a tsakar gida, a danna ja, kowa ya yi gaisuwa bi da bi. Tsohuwa ta yi addu'a, ta yi ƙorafin an daɗe ba aike, a faɗi wanda ya rasu da wadda ta haihu, sannan a damƙa wa matafiyi. Wanda bai iya boko ko ajami ba ya huta da neman mai rubuta masa sirrinsa.

Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ita ce cibiyar kwafi. Daga nan waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos ke bazuwa zuwa tashoshin mota har Maraɗi da Damagaram, tare da tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da waƙoƙin fina-finan Indiya. Da fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990, sai kaset ɗin bidiyo ya bi sahu.

Yau rakodar ta koma ƙarƙashin gado, amma kunne bai canza ba. Shata ya rasu tun 1999, ga shi har gobe direbobi na jin sa a kan hanya, sai dai daga memori. Masu turi sun gaji masu kwafi: matashi da kwamfuta a 'yar rumfa, dattijo ya miƙa waya ya ce, "Yaro, zuba mini na da," shi kuwa ya ce, "To Baba, Shata ko Ɗanƙwairo?" A YouTube da Facebook akwai masu ɗora waƙoƙin da suka kwaso daga tsofaffin kaset, da shuuu ɗinsu da komai, kuma masoya da yawa sun fi son su a haka. Wasiƙar kaset ma ta dawo da sunan saƙon murya a WhatsApp. Mai kewar murɗa rediyo yana laluben tasha kuwa, akwai Radio Garden, inda ake juya taswirar duniya a kama tashar garin da aka ga dama.

Abin mamaki, Turawa su ma sun shigo. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da tarin waƙoƙin fina-finan Hausa mai suna Harafin So a kan faifan garmaho, abin da mutanenmu suka daɗe da jefarwa.

Matsalar ita ce abin da ya hau intanet na shahararru ne. Waƙar makaɗin ƙauye da aka ɗauka a gidan biki, da karatun malamin unguwa, da muryar kaka tana sa albarka, duk suna cikin kwali, zafi da damshi na cin zaren. Ceto su ba wuya: rakoda mai aiki, da wayar da za ta haɗa ta da kwamfuta, da manhajar Audacity wadda kyauta ce. Duk mai irin wannan kwali a gida ya fito da shi bana, ya nemi ɗa ko jika ya juye masa, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.